Shekarar da Na Hana Nunan Fari

Wannan abin ya faru ne bayan annobar da ta sa aka rufe ƙofofin Harami, har muka yi azumi guda muna jin kiran salla ba mu da ikon amsawa da ƙafa. An riga an bar mata su tuƙa mota, don jikata tana da tata. Mijina kuwa ya daɗe a ƙasa, shi tun lokacin da aka rushe tsohuwar unguwarmu don ƙara faɗin Masallaci ya riga mu. In kuna son ku gane daidai, shekarar ce da gwiwa ta ci amanata na koma salla a kan kujera. Ni da irin wannan nake lissafi. Ban san baƙi ba, ina faɗa ne ana rubutawa, amma abin da ya shiga kaina ba ya zuba.

A tsakar gidanmu na Harra ta Gabas, a nan Madina, akwai dabino guda ɗaya. Duk wanda ya san unguwar ya san ba wurin shuka ba ce, baƙin dutse ne ko'ina. Babana ne ya fasa dutsen da hannunsa, ya ɗauko ƙasa a kan jaki ya cika ramin, ya dasa.

Shi babana da ƙafa ya baro ƙasar Hausa. Ya ratsa Chadi, ya tsinci auduga a Sudan, a can aka haife ni, aka tsallako teku da ni a goye. Da suka iso Madina ya samu aiki a lambun dabino na wani Balarabe a Jurf. Shi ne mai ban ruwa, shi ne mai hawa, shi ne kuma mai aurar da dabino, wato ya ɗebo furen namiji ya hau ya sa a cikin na mace don ta yi 'ya'ya. Muna da bukka ta kaba a gefen lambun. Mai lambun yana da 'ya sa'ata, tare muka tashi muna wasa a bakin magudanar ruwa. Ni na koyi Larabci a bakinta, ita ta koyi Hausa a bakin babana. Shi ya sa har yau in tana Hausa sai ka rantse wani tsoho ne yake korar yara daga gona.

Da gari ya cinye Jurf aka sayar da lambun aka yi gine-gine, babana ya fito da abu ɗaya: ɗan dabino da ya tsiro a gindin uwarsa. Shi ne na tsakar gidanmu. Ranar da ya fara nuna, babana ya zaɓi masu kyau ya cika kwando ya kai wa mai lambun. Daga nan ya zama doka. Duk shekara in zafi ya tsananta dabino ya fara laushi yana ɗigar zuma, ba mai sa ko ƙwaya ɗaya a baki sai an kai nunan fari can gidan. Babana ya rasu, uwata ta ci gaba. Ta rasu, na ɗauka. Mai lambun ma ya rasu, sai na koma kai wa 'yarsa, ƙawata, a gidanta na Al-Khalidiyya. Ni ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Wa yake tambayar dalilin wanke hannu kafin cin tuwo?

Jikata ita ce 'yar babban ɗana, tarihi take karantawa a jami'a. Tun da ta samu mota ita ke kai ni. Tana jin Hausa sarai, amma in ta amsa sai ta yi mata faci da Larabci kamar tsohon zane. A wannan bazarar tana shirin jarrabawa, ta shimfiɗa tabarma a inuwar dabinon da hantsi tana ta mutsu-mutsu da baki. Ni kuwa ba na son a yi labari a gabana ba ni ciki.

Na ce, “Ke, me kike ta tauna haka ba kya haɗiyewa?”

Ta ce, “Kaka, wannan ba tatsuniya ba ce. Tarihin Turawa ne, tun zamanin da.”

“Turawan ba mutane ba ne? Ba ni in ji. In babu daɗi in gyara miki.”

Sai ta ba ni. Ta ce bayan mulkin Rumawa ya faɗi, ƙasashen Kirista sun shiga wani hali, babu babban sarki mai tsare kowa, mahara suna shigowa ta ruwa da ta tudu. Duk wanda yake da doki da takobi da ganuwa sai ya zama ubangidan yankinsa. Mai neman tsari sai ya zo ya durƙusa, ya haɗa tafukansa biyu ya sa a tsakanin na ubangidan, ya ce ni naka ne. Sannan ya rantse da Linjila, ko da ƙasusuwan bayin Allahnsu da suke ajiyewa a coci.

Na ce, “Ƙashin mutum? A bar mamaci ya huta mana.”

Ta ce haka suka yarda, suna neman albarka ne. Ta ce malamansu sun raba mutane gida uku: masu addu'a, masu yaƙi, masu noma. Masu addu'a suna roƙa wa kowa gafara, masu yaƙi suna tsare kowa, masu noma suna ciyar da kowa. Coci tana karɓar ɗaya cikin goma na amfanin gona. Akwai masu zuhudu da suka bar aure suka tare a gida ɗaya suna kwafar littattafai, suna ba matafiyi masauki, suna raba wa mayunwata gurasa a ƙofa, amma su ma suna da filaye da manoman da ke musu bauta.

Na ce, “To wa ya yi rabon nan? Mai noma ne?”

Ta yi dariya ta ce, “La, Kaka. Masu addu'a ne suka rubuta.”

“Na sani. Mai rabon nama ba ya mance kansa.”

Ni dai Kirista ɗaya na sani a tarihina, ita ma a bakin uwata: wata Bahabashiya mai zanen gicciye a goshi, wadda ta karɓi haihuwata a Sudan ta yanke mini cibiya, ta kwana tana dama wa uwata kunu. Don haka ban ji labarin da ƙiyayya ba. Tausayin manoman ne ya kama ni. Ta ce manomi ba bawa ba ne, ba a kai shi kasuwa, amma ba ya barin gonar. In an ba wani ƙasar, da shi aka ba. A dutsen niƙan ubangida zai yi niƙa, ya bar wani abu. In idinsu ya zo kuma, sai ya ɗauki kaza ko ƙwai ya kai babban gida, a karɓa a bakin ƙofa.

A nan ta ajiye littafin. Ta ɗaga kai ta dubi dabinon, nonnansa sun fara ja, sannan ta dube ni.

Ta ce, “Kaka, da babanki ya je gaishe da mai lambu, yaya yake ba shi hannu?”

Na nuna mata. Hannu biyu, yana ɗan rusunawa. Kafin in sauke hannuwana na gane inda ta dosa.

Na ce, “Kul. Babana ɗa ne, ɗan 'ya'ya. Mutumin da ya ƙi noman gandun hakimi ya taka duniya da ƙafarsa har Madina, shi za ki haɗa da mai kai ƙwai? Da ya faɗo daga dabino ya karye, mai lambun ne ya ciyar da mu har ya warke.”

Ta ce, “Haka littafin ya ce. Wajibin ubangida ne ya ciyar da mutanensa in sun shiga wahala.”

Kun ji 'yar zamani. Duk ƙofar da na nufa sai in tarar littafin nan ya riga ni zama a bakinta. Na ce ni da 'yar mai lambu ƙawaye ne, kwano ɗaya muka ci. Ta ce ba ta musa ba. Sannan ta jefo mini wata tambayar.

“Tun da aka dasa itacen nan, sau nawa ta tako gidan nan?”

Na shiga lissafi, ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba. Suna, biki, rasuwar mijina, duk ta aiko. Ta aiko da shinkafa, da rago, da turare, da direba. Amma ƙafarta ba ta taɓa taka Harra ba.

Jikata ta ce, “Bana ba zan ɗauki kwandon nan ba, Kaka. Ki yafe ni. Duk inda kike so zan kai ki, ban da can.”

Ban yi mata faɗa ba. Na ce, “Ba ke za ki ƙi ba, ni zan hana. Bana nunan fari ba zai fita gidan nan ba. In tana so ta zo ta ci a gindinsa. In ta zo, ki san littafinki bai san mu ba. In ba ta zo ba, kin yi gaskiya, ni da uwata da ubana ƙwai muka yi ta kaiwa.”

Na faɗa ne da ƙarfin hali kawai. Ba asarar dabino nake tsoro ba. In matar nan ba ta zo ba, to tun ina yarinya har na tsufa ban yi ƙawa ba, uwargijiya na yi.

Dabino ya nuna. Maƙwabcinmu mutumin Chadi, wanda yake hau mana duk shekara, ya zo da igiyarsa na ce ya koma tukuna. Dokar gida kuma tana nan, ba mai ci sai an fitar da nunan fari. Ga abu yana laushi yana faɗowa, zanzaro da tsuntsaye suna biki, mutanen gida suna haɗiyar yawu. Matar ɗana ta ce, “Inna, a tsinke a sa a firji mana, in kun shirya sai a kai.” Na ce nunan fari ba ya shiga firji, ba gawa ba ne. Ɗana ya ce, “Inna, wannan rigimar ta mece ce? Ni zan kai da kaina.” Na ce ya taɓa kwandon ya gani.

Ana nan sai ga waya. Ƙawata ce. Ba ko sallamar kirki, da Hausarta ta tsofaffi ta ce, “Ke yarinya, kin mutu ne?”

Na ce, “Da raina, lafiya lau.”

“Dabino bai nuna ba?”

“Ya nuna har yana zuba.”

“To ina yake?”

Na ce, “Yana gidansa.”

Ina jin numfashinta. Can ta kashe wayar.

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyi ya gan su. Duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai in gyara mayafi. In ji an buga ƙofa, ashe mai kawo gas ne. Jikata ta daina karatu a tsakar gida, ta koma ɗaki. Wata safiya na same ta tana share dabinon da ya zube, tana sharewa tana goge ido. Ta ce, “Kaka, ni na jawo. Tashi in kai ki, halas, shi ke nan, na janye.” Na ce magana ta riga ta fita, ba a mayar da haihuwa ciki. Gaskiya ita ce ni ma a lokacin ina son in sani.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar muka ji hayaniya a waje. Lungunmu mota ba ta shiga, ga hawa, ga duwatsu. Na leƙa. Sai ga keken guragu ana turowa, wata budurwa tana haki a bayansa, a ciki kuwa tsohuwa ce cikin baƙar abaya tana nuna mutane da sanda tana cewa da Hausa, “Ku kauce, 'ya'yan banza, za ku tattake mini shuka.” Babu shuka a lungun, abin da ta iya ke nan. Matan unguwa, 'yan Sudan da 'yan Chadi da namu, duk sun fito suna dariya, ba su taɓa ganin Balarabiya tana zagi da Hausar Kano ba.

Aka shigo da ita. Ba ta dube ni ba. Dabinon ta duba, tun daga gindi har sama, ta daɗe tana kallo. Sannan ta koma Larabci ta ce, “Wannan ɗan dabinon bakin rijiyar lambunmu ne. Na gane shi.”

Na ce, “Sannu da zuwa. Hanya ta ɓace miki ne shekara da shekaru?”

Ta ce, “Ke ce za ki tambaye ni? Ina ƙarama na bi ki bukkarku, babanki ya ɗauke ni cak ya mayar gida, ya ce 'yar maigida ba ta shiga nan. Da kuka tare a gidan nan na ce zan zo in ga gida, kika ce gidanmu ƙunci ne, kada ki wahala, ni zan zo. Da mijinki ya rasu na ce ga ni nan, kika ce zafi ya yi yawa, ki yi zamanki. Sau nawa za a rufe wa mutum ƙofa?”

Na ce, “Wannan ai kara ce. Haka ake faɗa. Ke kuma sai ki ce a'a, sai na zo. In sake hanawa, ki sake nacewa, sannan ki zo.”

“Mu a wurinmu in an ce kada ka zo, kada ka zo ne.”

“To ku kuka sani. Ni ban ga laifina ba.”

“Yaushe kika taɓa ganin laifinki?”

Muka yi ta yi, jikokinmu biyu suna tsaye suna kallonmu, don budurwar da ta turo keken jikarta ce. Aka kira maƙwabcinmu ya hau ya sauko da abin da tsuntsaye suka rage. Matar ɗana ta kawo gahawa. Ƙawata ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta yi bisimilla ta ci, sannan kowa ya kai hannu. Ɗana ya ci kamar wanda aka sako daga kurkuku.

Kada ku zaci jikata ta sauko. Ba jinina ba ce? Ta durƙusa ta gaishe da baƙuwa da ladabi, sannan ta ce, “Hajiya, ina da tambaya. Kakanmu ya ƙare ƙarfinsa a lambunku. Da aka sayar, me ya samu?”

Na harare ta, ta ƙi kallona.

Ƙawata ta ajiye finjalin ta ce, “Bai samu komai ba sai wannan itacen. Ƙasar ta babana ce, haka aka yi a lokacin, kuma ba daidai ba ne. 'Yan'uwana sun raba kuɗin, sun gina benaye, benayen ma an rushe wasu. Yau a duk lambun nan ba abin da ya rage da rai sai wannan.” Ta nuna gindin da sanda, inda 'ya'ya biyu suka tsiro. Ta juyo wajena. “Roƙo na zo yi, tunda an sa na zo. Ki ba ni ɗaya in dasa a gidana. Ina so jikokina su san ɗanɗanon Jurf.”

A rayuwata ban taɓa jin wani daga gidansu ya ce mana “roƙo” ba. Na gyara zama a kujerata, na bar maganar ta ɗan jiƙa. Sannan na ce, “Ba nawa ba ne ni kaɗai. Tambayi mai tarihi.”

Jikata ta yi murmushi ta ce, “An ba ku. Amma da sharaɗi. Ranar da ya fara nuna, nunan fari nan gidan za a kawo.”

Jikar ƙawata ta ce, “Da hannu biyu ko da ɗaya?” Ashe tun a waje an ba ta labari, matan unguwa ba sa riƙe magana. Aka fashe da dariya, har tsohuwar ta ƙware da gahawa.

Da sanyi ya shigo aka cire ɗan dabinon, jikata ta sa shi a bayan motarta ta kai Al-Khalidiyya, ni ina gaba ina ba da umarni. Ya kama. Bai isa haihuwa ba tukuna, dabino ba ya gaggawa. Kafin nan mun yi tsari, bana su zo, baɗi mu je, kuma duk wanda ya ce “kada ki wahala” a yi kamar ba a ji ba. Jikata ta ci jarrabawarta. Ta ce har yanzu tana ganin akwai kama tsakanin babana da manoman can, ni kuma na ce akwai, amma ban ji inda littafin ya ce matar ubangida ta hau keken guragu ta je roƙon iri ba. Ta ce ƙila an yi, ba a dai rubuta ba, tunda masu noma ba su riƙe alƙalami. Wannan kam na yarda da ita. Shi ya sa na ce a rubuta nawa.

Cikin waɗanda suka sha ruwan rijiyar lambun nan, babana da uwata suna maƙabartar Baƙi'a, mai lambun da 'ya'yansa maza duk sun bi su, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Akwai wani tsoho ɗan Nijar da ya yi aikin ban ruwa tare da babana yana saurayi, an ce yana nan a wajen 'yarsa, amma ba ya gane mutane. Saura ni, da ita mai zagi da sanda, da dabinon tsakar gida, da ɗansa da ke tasowa a Al-Khalidiyya.